Faifan da Ya Ƙare a Kan Takena

Jikata ce ta tono maganar nan, kuma tun da ta tono ta ban huce ba. Ta zo hutu daga makaranta a Zariya, da wasu igiyoyi a kunnuwanta, tana gyaɗa kai ita kaɗai kamar ƙadangare a kan katanga. Na yi mata magana ba ta ji ba. Sai da na ɗaga murya ta zare guda ta ce, “Angona, kai wane faifai ka fi so a duniya? Ni ga nawa, na Turawa ne masu jita, kuma ba a jin sa sai daga waƙar farko har ta ƙarshe. Ba a tsallake ko ɗaya.” Na ce, “Tafi can, amaryar da ba ta iya dama fura ba.” Amma maganarta ta ƙarshe ta tsaya mini a rai, don na manta rabon da in ji ɗan zamanin nan ya faɗi abin hankali a kan kiɗa. Sai ta ce bari ta sa mini na tsofaffi irina. Ta latsa waya, sai ga gangar Baba Maiganga, makaɗin noman garinmu na da, tana fitowa daga tafin hannun yarinya. Na ce a ina ta samu. Ta ce jikan Mai Inji, wani mai kuɗin garinmu a wancan zamani, shi ne ya tura wa jama'a, har ya rubuta a ƙasa wai makaɗin gidansu ne, kakansa ne ya riƙe shi har ya mutu. A nan ne na ture kwanon furar da ke gabana.

Zan faɗi abin bi da bi, don ba na son labarin da ake farawa daga tsakiya.

Na farko, yadda muke jin kiɗa. A ƙauyenmu, tsakanin Gazara da Makarfi, a shekarun da Turawa suka tattara suka miƙa mulki, kiɗa ba abin toshe kunne ba ne. Abin aiki ne. Idan damina ta zauna, dawa ta kai gwiwa, lokacin huɗa ya yi, sai mai gona ya kira gayya. Mata su kwana da shirin kunu da fura, mu samari mu wasa garmunanmu tun jiya, mu jera a gindin gona da sanyin safiya, raɓa tana jiƙa mana ƙafar wando. Kafin kowa ya kafa garma a ƙasa, Baba Maiganga zai tsaya a kan tudun iyaka, ya gyara ratayar gangarsa, ya buga sau ɗaya. Wannan bugun shi ne bisimillar aiki. Mutumin Nasarawan Doya ne asalinsa, gajere, mai faɗin kafaɗa, ba ya dariya idan ganga tana wuyansa. Kowane manomi a garin yana da takensa, wato ɗan kiɗan da yake nasa shi kaɗai, wanda ganga ke faɗa kamar da baki. Nawa shi ne, “Miƙe kunya, ba ka waiwaye.” Idan ka gaji, bayanka ya ƙage, gumi ya rufe maka ido, sai ka ji takenka ya taso daga bayanka, wallahi sai ka ji kamar an ɗaga maka garmar. Yau fa? Yau yaro zai rataya tankin maganin feshi, ya toshe kunnensa, ya yi ta yawo a gona shi kaɗai kamar wanda aka yi wa kurciya. Ya kashe ciyawa, ya kashe zumunci, ya dawo gida yana cewa ya yi noma.

Na biyu, dokar take, kuma ita ce gindin maganar. Baba ba ya kaɗa take yadda ya ga dama. Yana bi ne da shekarar da mutum ya fara shiga gayya. Wanda ya riga ka kafa garma, ya riga ka a ganga, ko da kai ne mai garin, ko da shi ba shi da rigar sawa. Yakan fara da Sarkin Noma, ya bi dattawa, ya gangaro kanmu, har ya kai ga yaron da ya shigo bana. Kuma ba ya tsayawa sai ya kai na ƙarshe. Mutum biyu kawai ake tsallakewa: wanda ya mutu, da wanda aka kama da satar amfanin gona. Saboda haka idan aka zo gurbinka ganga ta wuce ba ta kira ka ba, kuma kana numfashi, to an gaya wa duniya ko kai wane ne. Na taɓa ganin an tsallake wani da ya yanki raken maƙwabcinsa. Ba wanda ya kore shi. Ya ajiye garma a tsakiyar kunya, ya bi ta cikin dawa, kafin kaka ya bar garin. Mahaifina yakan ce, “Alƙali yana iya yin kuskure ka ɗaukaka ƙara. Ganga idan ta tsallake ka, wa za ka kai wa?” Yanzu makaɗi yana fara wasa wanda ya fi kusa da aljihunsa, ya wasa ɓarawo da rana tsaka, a tafa masa.

Na uku, garmaho. Na fara ganin sa a wurin abokina, ma'aikacin ɗakin shan magani na Makarfi, wanda muke kira Likita ko da yake allura da wanke miki ne aikinsa. Kirista ne daga kudancin Zazzau, dogo, mai son gardama kamar ni. Ranar kasuwa idan na sayar da mazarƙwailata nakan biya ta wurinsa da la'asar. Ya fito da akwatin, ya murɗa hannun da ke gefensa ya yi masa wani kamar agogo, ya sa sabuwar allura, ya ɗora faifai. Fayafayansa yawanci na masu jita ne, waɗanda wani ɗan'uwansa ke aiko masa daga Kaduna. Ni kuwa ba na ɓoye ra'ayina. Akwai wani da mawaƙin ke ihu kamar kunama ta harbe shi a wurin da ba ya iya nunawa. Wannan na ce a ajiye. Akwai wani da jitar ke kuka kamar amalanken da ba a sa wa mai ba. Shi ma na ce a ajiye. Akwai na wata mace mai sanyin murya, wanda Likita ke lumshe ido a kansa, ni kuwa barci yake sa ni. Amma akwai guda ɗaya, mai jan tambari a tsakiya, wanda har gobe ba na ƙin sa. Ban san abin da suke faɗa ba, ban kuma damu ba. Mai gangarsu ne ya kama ni. Ba ya gaggawa, ba ya ja baya, bugunsa yana sauka daidai inda garma ke sauka.

“Wannan mutumin ya taɓa huɗa,” na ce.

“Bature? Huɗa?” Likita ya yi dariya har da buga cinya. “Malam, wannan ko fartanya bai taɓa gani ba.”

“To ubansa ya yi. Amma duk da haka, yaron Baba Maiganga ne. Ka ji jera take a ciki? Ka ji ya kira wani?”

“Ai ba gayya suke yi ba, rawa suke yi.”

“Shi ya sa na ce yaro ne.”

Haka muke yi kowane mako, ba wanda ya taɓa kayar da wani, kuma ba mu taɓa rabuwa da fushi ba. A wurinsa ne kuma na lura da wani abu, wanda daga baya ya zama mini ciwo: duk faifan da aka ɗora, na mai ihu ne ko na mace, kafin shayin da ke hannunka ya huce ya ƙare.

Na huɗu, ɗaukar Baba. Wata rana bayan girbi wasu mutane suka zo da mota, suka ce kamfanin fayafayai ne ya aiko su neman makaɗan karkara. Wani ya kwatanta musu Baba. Suka tafi da shi Kaduna, ya kwana biyu ya dawo, ba ya son maganar. Garin kuwa ya ɗauka. Kowa yana cewa takensa zai shiga faifai, za a ji shi har Ikko. Wanda ya fi kowa rawar kai shi ne Mai Inji. Ba zan faɗi sunansa ba, jikokinsa suna nan. Shi ne mai injin matse rake guda ɗaya da ke yankinmu, irin wanda doki ke zagayawa da shi, kuma duk mai rake a fadamarmu a wurinsa yake matsewa ya dafa mazarƙwaila. Idan ya ce ba layinka, rakenka ya bushe a tsaye. Mutum ne mai ƙoƙari, ba zan hana shi wannan ba. Amma ya yi yawon fatauci a ƙuruciyarsa, bai shiga gayya ba sai shekara guda bayana. Don haka a gangar Baba, daga ni sai shi.

Da labari ya zo cewa faifai ya fito, Mai Inji ya je Zariya ya sayo garmaho sabo fil, da faifan a cikin takardarsa. Bai saurara a hanya ba, wai sai a gaban jama'a. Ya yanka rago, ya gayyaci abokan cinikinsa daga Kudan da Ikara, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa da hantsi. Aka zaunar da Baba a gefe, an ba shi sabuwar riga. Aka yi wani, aka ɗora allura. Da bugun farko ya fito daga akwatin, tsofaffi suka yi salati, wata tsohuwa ta leƙa bayan akwatin. Sai taken Sarkin Noma, ya miƙe ya ɗaga sandarsa, aka yi guɗa daga cikin gida. Dattawa suka bi ɗaya bayan ɗaya, kowa yana jin nasa yana washe baki. Fuska ɗaya ta faifan ta ƙare, aka juya ɗayar. Aka gangaro kan manyan samari. Na ji na yayana, na ji na wanda ke gabana, na gyara zama. Ganga ta ce “Miƙe,” sai ƙyarrr, allura ta shiga tsakiya tana ƙarzar banza.

Mai Inji ya ce, “A juya.”

Yaronsa ya ce, “An juya, Alhaji.”

“A sake juyawa.”

Aka juya, sai ga Sarkin Noma ya dawo. Wani baƙo daga Kudan ya yi tari don ya danne dariya, bai dannu ba. Wani kuma ya ce, da murya ƙasa amma kowa ya ji, “To Alhaji dai da ransa muke ganin sa.” Ba sai an ƙarasa ba. Idan ba mutuwa ba ce, saura ɗaya.

Mai Inji ya juya wurin Baba, idonsa ya kaɗa. “Baba, me na sata?”

Baba ya ce, “Alhaji, ba ka saci komai ba. Ɗaki suka sa ni, ba gona, ba mutane. Akwai jar fitila. Suka ce idan ta kama in fara, idan wani mutum da ke wurin ya ɗaga hannu in tsaya. Na ce musu ban kai ƙarshe ba, saura mutum da yawa. Suka ce wuri ya cika. Na ce a ƙaro wani faifan, suka ce mai kukuma yana jira a waje.”

“Wuri ya cika,” in ji Mai Inji. “Tun muna yara, ruwa bai tsayar da kai ba, maciji ya sari mutum a gona ba ka tsaya ba. Yau hannun wani ɗan birni ne ya tsayar da kai? Kuma bai ɗaga hannun ba sai da ka zo kaina?”

Na ce, “Alhaji, kaina ya ɗaga. Nawa ne aka yanke biyu. Ni ya kamata in fi kowa fushi.”

Ya ce, “Kai an fara naka. Ɗan'uwa, yi mini shiru.”

Abin da ke ƙona mini rai har yau shi ne wannan: mutanenmu sun ɗauka faifai kamar ƙwarya ne, mai ita ke zuba abin da ya so, ya bar abin da ya so. Ba su san ƙwaryar tana da baki ba. Duk samarin da ke bayan Mai Inji a layi, su ma ba su ji nasu ba, su ma suka kumbura. Iyayensu mata suka fara cewa tsoho ya sayar da yaransu, an ba shi abu a Kaduna ya wasa dattawa kawai. Mutumin da ya yi shekaru yana tsaye a rana saboda su, a yini ɗaya ya zama maƙiyi. Kafin la'asar Mai Inji ya aiko a karɓi rigar da ya ba shi.

Na biyar, ƙoƙarin da na yi. Na je Makarfi na roƙi Likita ya zo da garmahonsa da fayafayansa. Muka je gaban mai unguwa, jama'a suka taru a gindin tsamiya. Na ce a ɗora na Baba, a sa mutum ya fara huɗa kunya a gonar da ke gefe, a ga inda zai kai idan ya ƙare. Aka yi, aka kafa kara a wurin. Na ce to a ɗora na Turawa. Aka ɗora mai jan tambarin nan. Mutumin ya kama sabuwar kunya, kiɗa ya ƙare yana dab da karan. Aka ɗora na mai ihu, haka. Na ce, “Jama'a, kun gani. Su da suka ƙera abin ma ba ya ba su wuri fiye da haka. Baba bai tsallake kowa ba, yanke shi aka yi.” Mai unguwa ya gyaɗa kai, na ga alamar ya gane. Amma shi ma yana da rake a fadama. Ya kalli Mai Inji, Mai Inji ya ce, “Yanzu kiɗan gidan rawa aka kawo ya yi wa makaɗi shaida? Su Turawan sun gama waƙarsu kafin ya ƙare, ai ka ji. Shi me ya hana shi ya taƙaita na tsofaffi ya kai kanmu?” Na ce take ba a taƙaita shi, kuma ba a sauya layi. Ya ce, “To ya ci layin.” Mai unguwa ya ce a yi haƙuri, ya tashi ya shiga gida. Haƙuri! Wa aka ce ya yi haƙurin?

Samarin kuwa, da na tara don su ga gaskiya, ba kara suke kallo ba. Ƙafafunsu ne ke motsi. Da aka watse suka kewaye Likita, a sake sa mai ihun nan. Ban yi nadamar kawo shi ba, gaskiya na kawo, su ne suka ɗauki abin da ya yi daidai da kawunansu. Ba jita ce ta kashe gangar noma a garinmu ba, kada wani ya gaya muku haka. Mai jita yana can ƙasarsu bai san da mu ba. Tsoron layin inji ne ya kashe ta.

Da damina ta dawo, Mai Inji ya kira gayya, ya ɗauko wani makaɗi daga wajen Saulawa. Wannan da taken Mai Inji ya fara, kafin na Sarkin Noma, ya kuma maimaita shi har ya gundure mu. Sarkin Noma yana tsaye da furfurarsa yana jiran nasa. Daga nan duk mai kiran gayya sai ya aika Saulawa. Dattawan nan da takensu ke cikin faifai, waɗanda suka yi ta washe baki, ko ɗaya bai buɗe baki ya ce a kira Baba ba. Makaɗin noma kuwa ba shi da babbar gona, abin da ake ba shi a gayya da damin da ake kai masa da kaka, shi ne abincinsa. Na ga matarsa tana tsintar karmami a gonar mutane. Na gan shi shi kansa a bakin injin, yana tura ɓawon rake a wuta ƙarƙashin tukunyar mazarƙwaila, hayaƙi yana cin idonsa, don abin da zai kai gida. Wannan shi ne riƙon da jikan Mai Inji ke faɗa. Haka kakansa ya riƙe shi.

Na shida, gayyata. Na ce ni dai Baba zai yi mini kiɗa. Na bi gida gida na faɗa, kowa ya ce in Allah ya yarda. Matata ta dama kunu cike da tulu, ta yi fura mai yawa. Da safe na je gindin gona. Daga ni, sai ƙanin matata, sai Likita da ya taho a kan kekensa da aron garma a ɗaure a baya. Na ce, “Likita, wannan ba allura ba ce.” Ya ce, “Malam, a garinmu a kan dutse muke noma. Ka dai yi ta kanka.” Kuma ya ba ni kunya, don kafin rana ta take ya bar ni a baya.

Baba ya zo, ya dubi gonar, ya dubi mu ukun. Na ce, “Baba, ka ga yadda ta kasance. Ka kaɗa mana namu kawai, kada ka wahala.” Ya dube ni kamar na zage shi. Ya hau tudun iyaka, ya gyara rataya, ya buga sau ɗaya. Sannan ya fara da Sarkin Noma. Ya bi dattawa ɗaya bayan ɗaya, mutanen da ke zaune a zaurukansu a wannan lokacin, kuma iska tana kaɗawa wajen gari, na tabbata kowa ya ji nasa. Ya zo kaina, ya kaɗa shi cikakke, “Miƙe kunya, ba ka waiwaye,” ni kuwa ban waiwaya ba, don ba na son ya ga fuskata. Daga nan na kasa kunne. Na ce a raina, yau kam idan ya tsallake, ba wanda zai ga laifinsa. Bai tsallake ba. Ya kaɗa na Mai Inji a gurbinsa, bai rage ba, bai ƙara ba. Ya bi samarin nan da uwayensu suka zage shi, har yaron da ya shigo bara. Ba wanda ya fito. Na ga kan mutum ɗaya ya leƙo ta saman dangar gidansu, ya koma.

Da ya gama da 'yan gari sai ya yi wani sabon kiɗa da ban taɓa ji ba. Likita ya tsaya ya ce, “Baba, wannan na wane ne?” Ya ce, “Naka ne. Baƙo da garma, ɗan gida. Kai ne ka shigo bana.” Likita ya cire hularsa.

Baba ya sauko, ya sha kunu, ya zauna a inuwar ɗorawa. Ya ɗora gangar a cinya, ya kwance igiyoyinta ɗaya bayan ɗaya har fatar ta saki. Na ce, “Baba, me ke nan?” Ya ce, “Yau na kai ƙarshe. Can ba su bar ni ba.” Bayan kaka ya koma wurin 'yarsa a Nasarawan Doya. Ban ƙara jin an ce ya taɓa ganga ba. Da ya rasu, mu da muka je daga garinmu ba mu cika tabarma ɗaya ba.

To yanzu an wayi gari kowa nasa ne. Ana sa shi a waya, ana cewa wannan shi ne kiɗan zamanin da, na gaske, ba irin na yanzu ba. Jikokin waɗanda suka ƙi fitowa su ne ke cewa a ji taken kakansu. Ba su san me take yake nufi ba, ba su san abin da ya biyo bayan ƙarar allurar nan ba, ba su kuma tambaya ba. Suna jin rabin abu suna cewa ya yi daɗi. Ni ban hana kowa son abin da yake so ba. Mai son jita ya so jita, na faɗa, akwai wanda ni ma nake so a ciki. Amma kada wanda ya kori makaɗi da yunwa ya bar wa jikokinsa gadon yabonsa.

Duk wannan na gaya wa jikata, tana zaune igiyoyin suna reto a wuyanta. Da na gama ta ce, “To angona, ba ka amsa mini ba. Wane faifai ka fi so?” Na ce ta sake sa shi daga farko. Muka ji Sarkin Noma, muka ji dattawa, muka ji yayana. Ganga ta ce “Miƙe,” sai ƙarzar allura, har ita sun kwafo a wayar.

Ta ce, “Kash, ya katse.”

Na ce, “Bai katse ba, katse shi aka yi. Wanda na fi so shi ne sauran, kuma ba ya cikin wayar kowa.”

Ta kai yatsa za ta latsa wani abu, na ce ta ajiye. Na jawo kwanon furar da na ture, na kife shi a gabana, na ƙarasa nawa da yatsu. Sannan na tsaya. Na san na wanda ke biye, raina yana tafasa kamar tukunyar mazarƙwailarsa. Ta ce, “Kaka, wannan ai sai ka wuce shi.”

Na ce, “Ke kika ce ba a tsallake ko ɗaya.”

Na kaɗa na Mai Inji a gurbinsa, ban rage ba, ban ƙara ba. Uwarta ta yi ta kiran ta daga madafa, na ce ba inda za ta sai mun kai kan Likita.